Wa Zai Riƙe Shi Bayan Raina? Amana, Doka da Dukiyar Masu Nakasa a Gidajen Hausawan Kasuwar Umdurman

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda iyalan Hausawa 'yan kasuwa a Umdurman ke tanadar wa ɗansu ko ɗan'uwansu mai nakasa abin da zai rayu da shi bayan ran mai riƙonsa. Ta nuna cewa tanadin ya daɗe yana tsaye a kan amanar baki da kuma shago guda, kuma faɗuwar darajar fam ɗin Sudan da yaƙin da ya ɓarke a 2023 sun tona rauninsa. Ta bi hanyoyin da fiƙihu da dokokin Sudan suka buɗe, wato wasiyya, kyauta, hubusi da wakilci, tare da jan hankali a kan wani zalunci da ake yi da kyakkyawar niyya: hana mai nakasa iko da dukiyarsa alhali hankalinsa garau yake.

Gabatarwa



Duk gidan da Allah ya ba ɗa makaho, ko kurma, ko wanda shan inna ya kama, ko mai raunin hankali, akwai tambaya guda da uwa da uba ke kwana da ita, su tashi da ita. Ba kasafai suke furta ta ba sai ciwo ya kwantar da ɗayansu, sa'an nan a ji tsoho ya kira babban ɗansa ya ce, "Ga ƙaninka nan, amana ce na bar maka." Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "In Allah ya yarda, Baba, ba zai tozarta ba." Daga nan an gama tsari. Babu takarda, babu shaidu sai matan gida da ke bayan labule, ba a kuma faɗi daga wace dukiya za a ciyar da shi ba, ko wanda zai karɓa in shi babban yayan ya riga shi tafiya.

Ban zo in raina wannan amana ba. Ita ta riƙe dubban mutane a lokacin da babu hukumar da ta san da zamansu. Abin da nake so in tabbatar shi ne cewa ita kaɗai ba ta isa ba a Sudan ta yau, kuma maganin bai buƙaci a aro wani tsari daga nesa ba, domin yana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure da dokokin da kotunan ƙasar ke aiki da su. Na zaɓi in ce "mai nakasa" a madadin "nakasasshe", saboda kalmar farko ta bar mutumin a matsayin mutum, nakasar kuwa abu ne da yake tare da shi. Hanyar da na bi ita ce nazarin hukunce-hukuncen fiƙihu da dokoki, da auna su da yanayin kasuwa. Misalin rabon gado da zan kawo ƙirƙirarsa na yi domin lissafi, ba labarin wani gida ba ne.

Kasuwar da mutanenta

Umdurman ta zama birni ne bayan Mahadi ya ci Khartum a 1885, Halifa Abdullahi kuma ya mai da ita fadar mulkinsa har zuwa yaƙin Karari na 1898. A wancan zamani kasuwarta ta kafu, kowace sana'a da layinta: maƙeran zinariya, dukawa, masu kayan yaji, masu turare, masu yadi. Hausawa kuwa sun daɗe suna ratsa Sudan a kan hanyar Makka, wasu su yi shekaru suna aiki don tara guzuri, wasu su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903 ayari ya ƙaru, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 kuma ya jawo wasu. Masana irin su Mark Duffield, C. Bawa Yamba da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum sun yi rubutu mai zurfi a kan wannan al'umma.

Abin da ya shafi maganarmu a tarihin nan shi ne irin dukiyar da Bahaushe ya mallaka a birni. Akwai masu shaguna da manyan fatake, amma da yawa jarinsu na hannu ne: tukubar agashe, keken ɗinki, kayan wanzanci, tebur na kayan koli, baro na dako wanda ake kira dardaƙa, ko tabarmar da ake baza kaya a gefen hanya. Irin wannan arziki yana tafiya ne da ƙarfin mai shi. Ran da ya kwanta, ciniki ya kwanta. Ko mai shagon ma, sau da yawa wurin hayar ƙaramar hukuma ne, abin da ya mallaka shi ne izinin zama da sunan da ya yi a layin.

Ga kuma matsalar takardun zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar mahajjata da yawa a waje. Dokar 1994 ta sassauta zuwa 1 ga Janairun 1956, amma tsoron ofis ya riga ya zauna a zukata. Da aka zo da lambar ɗan ƙasa bayan dokar rajistar jama'a ta 2011, wanda ya fi saurin faɗuwa ta baya a gida shi ne yaron da ba ya zuwa makaranta, ba ya tafiya, ba a kuma sa ran zai nemi aiki. Sai a ce, me zai yi da lamba? Amsar tana zuwa ne ranar rabon gado, ko ranar da ake son buɗe masa asusu.

Al'umma tana da nata inshorar. Adashi, wanda 'yan Sudan ke kira sanduƙ ko hatta, yana nan a kowane layi. Akwai kashafi, takardar da ake zagayawa da ita ana rubuta gudummawa in an yi rasuwa ko wani ya kwanta asibiti. Akwai gayya, wadda can ake ce wa nafir. Daga gida kuma mun gaji sarautun Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta rigima da kare haƙƙin mutanensu. Duk waɗannan suna maganin buƙatar yau. Babu ɗayansu da aka gina don ya ciyar da mutum guda shekara talatin bayan mutuwar iyayensa.

Abin da shekarun nan suka tona

Uban da ya yi tunani ya ce bari in ajiye wa yaron nan kuɗi, shi ne ya fara shan kashi. A 2018 bankuna suka kasa bai wa mutane tsabar kuɗinsu, layi ya yi tsawo a ƙofofinsu. A Fabrairun 2021 gwamnati ta sauke farashin hukuma daga fam 55 a kan dala guda zuwa 375, don ya kamo na kasuwar bayan fage da ya riga ya yi nisa. A tsakiyar wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Zuwa 2024 dala ta wuce fam 2,000. Kuɗin da aka ƙirga zai riƙe mutum shekaru goma ya koma bai isa cefanen 'yan watanni ba, ba tare da kowa ya ci amana ba.

Sai 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya tashi tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF. Tsohuwar Umdurman ta zama fagen fama, aka wawushe kasuwar, sassa da yawa suka ƙone. Ciniki ya koma arewa, Kasuwar Sabirin da ke Karari, ita ma aka yi mata ruwan wuta ranar 1 ga Fabrairun 2025, mutane fiye da hamsin suka mutu. Iyalai suka watse, wannan Gadarif, wancan Kasala, wani Masar, wani Chadi, wani ya bi tsohuwar hanyar kakanni ya koma Kano. A gudun hijira wanda ba ya iya tafiya shi ake sarƙewa a kansa: ko a bar mutum guda ya zauna da shi cikin harsasai, ko a goye shi. Cibiyoyin da ake dogaro da su, irin su Asibitin Tijani al-Mahi na masu taɓin hankali a Umdurman, da makarantar makafi ta Nur a Bahri, da hukumar haɗa gaɓoɓin roba a Khartum, duk yaƙin ya katse aikinsu, a daidai lokacin da yake ƙara yawan masu yankakken hannu da ƙafa. Ƙidayar 2008 ta ce kashi 4.8 cikin ɗari na mutanen Sudan masu nakasa ne. Babu mai shakkar cewa adadin yau ya wuce nan.

Abubuwa biyu daga wannan lokaci sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta zama igiyar rai, da ita 'yan'uwa na waje ke turo kuɗi, da ita ake sayen abinci. Da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024, gidaje suka kwana da yunwa alhali da kuɗi a asusunsu, har ɗakunan girkin unguwa da ake kira takaya suka tsaya. Na biyu, a Disambar 2024 aka fara canjin takardun fam 500 da 1,000, aka kuma ce sai dai a zuba tsofaffin a asusun banki. Wanda ke riƙe da kuɗin ƙaninsa mai raunin hankali a cikin akwati bai da zaɓi sai ya zuba su a asusun kansa. Daga ran nan, a idon doka, kuɗin nasa ne. In ya mutu, 'ya'yansa ne magada, kuma ba lallai su san akwai haƙƙin baffansu a ciki ba.

Wa ya kamata a riƙe wa dukiya?

Nan ne na fi son mu daɗe, domin nan ne soyayya ke rikiɗewa ta zama danniya. A gidajenmu da zarar an ce wane mai nakasa ne, sai a ɗauka ba ya iya riƙe kuɗi. Makaho mai hankali, wanda ya san farashin kowane kaya a layin, a raba gado a damƙa rabonsa ga yayansa. Kurma ta ɗinka kaya da hannunta, amma kawunta ke karɓar kuɗin. Shari'a ba ta ce haka ba.

Abin da fiƙihu ya kira hajaru, wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa, yana da sababai ƙididdigaggu: ƙuruciya, hauka, raunin hankali, almubazzarancin da ya kai wauta, sai kuma bashin da ya cinye dukiya da ciwon ajali. Makanta, kurumta, bebantaka da gurguntaka ba sa ciki. A mazhabar Malikiyya cinikin makaho ya inganta, ana karɓar shaidarsa a kan abin da ya ji, ishara da aka fahimta daga bebe kuma tana tsayawa a matsayin magana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya riƙe Madina in ya fita. Wanda aka ba riƙon gari, ta yaya za a ce irinsa ba zai riƙe rabon gadonsa ba? Dokar Mu'amalolin Jama'a ta Sudan ta 1984 ita ma ta bai wa duk wanda ya cika shekara 18 da hankalinsa cikakken iko, sai in an hana shi ta hanyar shari'a. Saboda haka ɗan'uwan da ya riƙe rabon makaho ba da izininsa ba, ko da kyakkyawar niyya, ba waliyyi ba ne, mai riƙe da kayan wani ne.

Ko a wajen wanda hankalinsa ke da rauni, malamai ba su yi kuɗin goro ba. Sun bambanta haukan da ya game lokaci duka da wanda ke zuwa yana tafiya, suka ce abin da mutum ya ƙulla lokacin da ya farfaɗo ya ƙullu. Ayoyin farkon Suratun Nisa'i da suka hana a miƙa wa wawaye dukiya, su ne kuma suka yi umarni a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a riƙa jarraba marayu, in an ga shiriya a miƙa masu kayansu a gaban shaidu. Riƙo ke nan mai ƙofar fita. Akwai kuma labarin sahabin nan Habbanu ɗan Munƙizu da ake yawan cuta a ciniki. Ba a kore shi daga kasuwa ba, an koya masa ya riƙa gindaya sharaɗin cewa babu yaudara, aka ba shi damar warware ciniki cikin kwana uku. Imamu Abu Hanifa ya tafi nesa fiye da haka: ya ƙi yarda a yi wa baligi mai hankali hajaru don almubazzaranci, yana ganin zubar da mutuncinsa ya fi asarar dukiyar muni, ko da yake almajiransa Abu Yusuf da Muhammadu sun saɓa masa.

Na kawo wannan ne saboda muhawarar da duniya ke yi yau ita ce wannan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006, Sudan kuma ta tabbatar da ita a 2009, sashenta na 12 ya ce mai nakasa na da ikon doka daidai da kowa, aikin hukuma shi ne ta tallafa masa ya yanke shawararsa. Ƙasashe irin su Peru a 2018 da Kolombiya a 2019 sun soke yi wa baligi waliyyi saboda nakasa. Ra'ayina shi ne ba za mu iya bin su har ƙarshe ba, domin akwai mutumin da ba ya gane kuɗi daga takarda, barinsa ba mai tsaya masa sakaci ne. Amma abin da aka yi wa Habbanu shi ya kamata ya zama asali, hajaru kuma ya zama mataki na ƙarshe, wanda alƙali ne kaɗai zai yanke shi, a kan hujjar likita, a kuma riƙa sake duba shi.

Inda riƙo ya zama dole, uba shi ne waliyyin dukiya, bayansa wasiyyin da ya zaɓa, in babu sai wanda alƙali ya naɗa, wanda Malikawa ke kira muƙaddami. A lura, yaya ba ya zama waliyyin dukiya don kawai shi ne babba. In uba na son shi ya riƙe, sai ya naɗa shi wasiyyi a rubuce. Shawarata ita ce a naɗa mutum biyu daga ɗakuna daban, ɗaya mai juya dukiya, ɗaya mai duba lissafi, a kuma faɗi wanda zai gaji kowannensu. A yanka wa mai riƙo ladansa a fili in mabuƙaci ne, kamar yadda shari'a ta yarje, don kada ya riƙa ɗiba a ɓoye. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In an san ladan, an san aikin da za a tambaye shi.

Gado, wasiyya, kyauta da hubusi

A ɗauka mai shago ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata biyu, ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. In an kasa dukiyar gida 64, matar za ta sami 8, kowane namiji 14, kowace mace 7. Wadda ta fi kowa buƙata, mai neman magani da keken guragu da mai jinya har ƙarshen rai, rabonta bai wuce kashi 11 cikin ɗari ba. Rabon gado bai yi kuskure ba, domin an gina shi tare da wajibcin ciyarwa. Sai dai a nan akwai abin da Hausawan Sudan da yawa ba su lura da shi ba. A Malikiyya, uba na ci gaba da ciyar da ɗan da ya balaga da nakasar da ta hana shi nema, amma ba a tilasta wa ɗan'uwa ya ciyar da ɗan'uwansa. Hanafiyya ta faɗaɗa wajibcin zuwa dangi muharramai mawadata. Dokar Iyali ta Musulmi ta 1991 kuwa ta ce inda ba ta yi magana ba a koma ga rinjayayyen ra'ayin Hanafiyya, al'adar da kotunan ƙasar suka gada tun mulkin Turkawa da Misirawa. Mutum na karanta Risala da Muhtasar na Malikiyya a zaure, ya je kotu a yi masa hukunci da wata mazhaba. Wanda zai tsara wa ɗansa gaba dole ya san duka biyun.

Wasiyya ita ce misali mafi bayyana. Abin da kowane ɗalibi ya sani shi ne ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Amma a 1945 babban alƙalin Sudan ya fitar da sanarwar shari'a mai lamba 53, wadda ta halatta wasiyya ga magaji cikin sulusi ko da sauran ba su yarda ba, Masar kuma ta bi sahu a dokarta ta 1946. Uban da ke son bin wannan hanya ya zauna da lauya su duba nassin dokar 1991 tukuna. Ni dai ina ganin ko da kotu za ta zartar, gara a nemi yardar 'yan'uwa tun uban na da rai, a sake karɓar sa hannunsu bayan rasuwa, domin su ne za su zauna da ita. Wasiyyar da aka ci da ƙarfin kotu tana iya ba ta kuɗi ta raba ta da masu ɗaga ta.

Kyauta ta fi sauƙi, amma nan aka fi yin tuntuɓe. Kyautar da ba a karɓa a hannu ba kafin mai bayarwa ya mutu, ko ciwon ajali ya kama shi, ta ɓaci, ta koma gado. Wannan shi ne hauzi. Malikawa sun yarda uba ya karɓa a madadin ɗansa ƙarami ko wanda ke ƙarƙashin riƙonsa in ya kafa shaidu, amma ban da gidan da shi uban ke zaune a ciki sai ya tashi, ban da kuma tsabar kuɗi da ba a iya bambanta su da nasa. Uban da ya ce "ɗakin nan na wane ne" ya ci gaba da kwana a ciki har ya mutu, bai ba da komai ba. In fili ne ko gida mai rajista, sai an canza suna a ofishin filaye, a karɓi takardar da ake kira shahadar bahasi da sunan wanda aka ba. Game da fifita ɗa guda da kyauta, malamai da dama sun ba da uzuri in dalilin buƙata ce ta gaske kamar makanta ko ciwo mai daɗewa.

Hanyar da na fi karkata gare ta ita ce hubusi, wanda aka fi sani da waƙafi. A tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta ya riƙa zuwa ga wanda aka ambata. Malikiyya ta fi sauran mazhabobi sauƙi a nan: ta yarda da hubusi na ƙayyadadden lokaci, ta yarda da na kayan da ake ɗauka. Uba na iya cewa hayar shagon nan, ko kuɗin da keken haya mai ƙafa uku ɗin nan ke kawowa, na wance ne muddin ranta, bayanta ya koma ga magada. Kusa da shi akwai umra, ba mutum amfanin gida iya rayuwarsa. Fa'idar a bayyane take. Haya na tashi tare da farashi, ba ta narkewa kamar fam. Babu dunƙulallen kuɗi da zai ja hankalin mai kwaɗayi. 'Yan'uwa kuma ba sa jin an ƙwace masu, tunda asalin zai dawo. Siriya ta soke waƙafin iyali a 1949, Masar a 1952, saboda ya daɗe ya tara masu cin amfani barkatai, amma hubusin da aka ɗaure da ran mutum guda ba ya faɗawa wannan rami. Khartum ta san waƙafi: na Bagadadi ya riƙe ɗaliban likitanci shekaru masu yawa, na Abdul Mun'im Muhammad kuma har yau sunansa na bakin mutane. Abin da Amurkawa ke yi da asusun amana na masu nakasa bai wuce wannan ba a ma'ana.

Yaƙi ya ƙara mana darasi guda: shago ma yana ƙonewa. Don haka kada a ɗora komai a kan kadara ɗaya a birni ɗaya. Mai hali ya raba, wani abu a gini, wani a zinariya, wani a dabbobi ko gona wajen dangi a Sinnar ko Gadarif. Inshorar takaful ma ba baƙuwa ba ce a nan, a Khartum aka kafa kamfaninta na farko a duniya a 1979 ta hannun Bankin Musulunci na Faisal, sai dai a karanta sharuɗɗa, don irin waɗannan yarjejeniyoyi galibi suna cire asarar yaƙi.

Kalma ɗaya a kan wakilci. Ɗa na riƙe da takardar wakilcin ubansa ko lambar sirrin wayarsa, uban ya sami shanyewar ɓarin jiki hankalinsa ya gushe, ɗan ya ci gaba da cirar kuɗi yana ganin yana da izini. Wakilci na faɗuwa da mutuwar mai wakiltawa ko gushewar hankalinsa. Ingila ta toshe wannan giɓi, dokarta ta 2005 na ba mutum damar naɗa wakilin da zai ci gaba bayan hankali ya tafi. A Sudan mafita ita ce a je kotu a nemi naɗi, kafin sauran magada su zo da tambaya.

Rabon hukuma da rabon kasuwa

Sudan ba ta rasa dokoki ba. Ta yi dokar masu nakasa a 2009, ta maye gurbinta da ta 2017, tana da majalisar ƙasa mai kula da lamarinsu. Diwanin Zakka, wanda ke aiki da dokar 2001, yana karɓar zakka da ƙarfin hukuma, yana kuma biya wa iyalai matalauta kuɗin inshorar lafiya. Nijeriya ma ta sa hannu a kan tata dokar a Janairun 2019. A ƙasashen biyu, mai sayar da agashe bai cika jin ɗuriyar waɗannan tanade-tanade ba, kuma ƙofar shiga kowannensu takarda ce: lambar ɗan ƙasa, katin shaidar nakasa, rahoton likita. Saboda haka matakin farko, kafin wasiyya da hubusi, shi ne a yi wa mai nakasa rajista da sunansa, a buɗe masa asusu da sunansa, a koya masa amfani da shi in zai iya. Wayoyin yanzu na karanta wa makaho abin da ke kan allo.

Tun da sojoji suka karɓe jihar Khartum gaba ɗaya a Mayun 2025, 'yan kasuwa na komawa suna share toka, ana sake tantance wane ne mai wane wuri. Takardu da yawa sun ƙone, masu shaida da yawa sun mutu ko sun yi nisa. Wanda ya fi kowa haɗarin a shafe sunansa a wannan tantancewa shi ne magajin da ba zai iya zuwa ya tsaya a layi ba. Ina roƙon shugabannin layuka, limamai da dattawan Hausawa su buɗe littafi guda a kowane layi, a rubuta duk shagon da mai nakasa ke da rabo a ciki, nawa ne rabon, wa ke riƙe, wa ke dubawa. Duk gidan da ya yi rashi a yaƙin nan ya fitar da takardar tantance magada daga kotu da sunan kowa a ciki, har da wanda ke kwance a ɗaki. A kai wasiyya da takardar hubusi wajen lauya mai izinin tabbatar da takardu, a ɗauki hotonsu a waya, a aika kwafi ga ɗan'uwa a Kasala, wani a Jidda, wani a Kano. A kuma karanta wa mai haƙƙin abin da aka rubuta a kansa, da Hausa ko Larabci ko ishara, a tambaye shi wa yake so ya riƙe masa, kafin kowa ya sa hannu.